Tsoho Ya Rasu

Rabilu maƙaryaci ne, kuma irin wanda ya fi muni, mai ɗaukar gaskiya ya yi ƙarya da ita. In ka tsare shi zai rantse bai faɗi kalma ɗaya da ba haka take ba. Rantsuwarsa ba ta dame ni ba. Ya kashe baffansa da baki, alhali mutumin yana zaune a zaurensa yana shan fura, kuma saboda gona ya yi hakan.

Baffan nasa shi ne Malam Mohamman Dogo na Garin Marke, wani ƙauye a ƙasar Yekuwa. Ɗansa namiji ɗaya ne, Mas'udu. Tun Mas'udu yana saurayi ya kama san noman ubansa ya sayar a ɓoye, don ya tafi Aljeriya neman arziki. Uban ya ce a gaban jama'a kada ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Arzikin bai samu ba, kunya kuma ta hana shi komawa. Sai ya sauka a Waca, can gabas, ya shiga aikin rake a fadama, har ya yi aure, ya mallaki amalanke da shanu biyu. Shekaru suka haura goma. Duk mutumin garinsu da ya hango a kasuwa sai ya sake layi. Rabilu kaɗai, ɗan ƙanen ubansa, ke da lambar salularsa, kuma Rabilu ne yake noma gonar Malam Mohamman a matsayin aro.

Da idanun Malam Mohamman suka dushe, zuciyarsa ta yi sanyi. Bayan kaka ya kira Rabilu ya ba shi sallahu. Ya ce, "Ka je Magarya ran kasuwa, na ji ƴan raken Waca suna sauka can. Ka ce wa yaron nan maganar san nan ta wuce. Ya zo ya kama gonarsa tun ina da sauran numfashi."

A cikin kwanakin nan kuwa an yi rasuwa a Garin Marke. Wani mai haƙar rijiya ne ya kwanta ciwon ciki bai tashi ba. Sunan kakansa ya ci, don haka tun yana goye ake ce masa Tsoho, ko da yake ya mutu bai yi furfura ba. Rabilu ya haɗa saƙon baffansa da wannan rasuwa, ya ga hanya.

Ya tarar da Mas'udu a bakin kasuwar Magarya yana sauke rake. Kusa da shi akwai madugun ayarinsu, Faruku, da wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Tabawa, wadda kullum amalanken Mas'udu take hawa. Bayan an gaisa Rabilu ya sunkuyar da kai ya ja dogon numfashi.

"Yaya, ashe ba ka ji ba?"

"Me ya faru?"

"Tsoho ya rasu."

Kowa ya san abin da ake nufi in ɗan'uwa ya tare ka ya ce maka tsoho ya rasu. Rabilu ma ya sani. Damin raken ya suɓuce daga kafaɗar Mas'udu, ya zauna a ƙasa yana salati.

"Bai bar wata magana ba? Bai ambace ni ba?"

"Ko sau ɗaya bai ambace ka ba, Yaya."

Faruku ya miƙa wa Rabilu hannu ya ce, "Allah ya jiƙan baffanka. Ya haƙuri?"

Rabilu ya ce, "Amin. Haƙuri da godiya."

Mas'udu ya ce zai bi shi gida a ranar. Rabilu ya dafa shi. "Da ni ne kai da na dakata. Ka san bakin mutanenmu. Cewa za su yi ba ka zo yana raye ba, sai da ka ji ƙanshin gado." Wannan magana ta sa Mas'udu ya fasa tafiyar. Ya sayi buhun gero ya ce a yi sadaka da shi, Rabilu ya ɗaure a bayan kabu-kabu ya tafi. Da ya isa gida ya ce wa baffansa, "Na gan shi, mun yi magana. Ga ni dai na dawo ni kaɗai." Tsohon ya juya fuskarsa bango.

Ayarin rake ba na raƙuma ba ne irin na da. Amalanke ne na shanu, masu tayar mota, suna bin juna cikin rairayi inda kamiyo, babbar motar kaya, ba ya iya shiga. Tare suke tafiya don in ƙafar ɗaya ta nutse sauran su tura, don kuma ɓarayin shanu ba sa taɓa jama'a. Ana tashi bayan sallar asuba, a yi zango da rana ƙarƙashin gawo, a zuba wa shanu harawa, a yayyafa wa rake ruwa a rufe shi da ganyensa don kada ya bushe. Duk ƙauyen da aka ratsa, mata su leƙo ta kan dangar kara, a yanka musu gaɓa biyu uku, a karɓi wake ko gyaɗa.

Tafiyar da ta biyo baya ba ta zo musu da sa'a ba. A Dungas suka tarar an riga su. A Magarya kuma wani kamiyo ya juye rake har ya yi tsibi, ba mai kallon nasu. Faruku ya zagaya ya dawo ya tara mutanensa.

"In muka zauna nan, itace za mu mayar gida. Yamma za mu yi, Kwaya, sannan ƙauyukan Yekuwa. Can ba fadama, yaransu rake sai a mafarki."

Mas'udu bai taɓa wuce Magarya ba tun da ya shiga ayarin. Ya ɗaura shanunsa, don kaya nasa ne da na mutane, ba shi da yadda zai juya shi kaɗai.

Hanyar yamma ta fi taushi, ciniki kuma ya buɗe. A wani ƙauye mai rijiya biyu, mai garin da kansa ya fito ya zaɓi sanda mafi kauri ya ce ta jikokinsa ce, sai ga shi a bayan masallaci yana fama da ita da sauran haƙoransa. A wani kuma suka tarar da bikin suna, raken amalanke guda ya ƙare kafin a raba naman. Mutanen ayari suka sake, ana tsokanar juna, ana waƙa a kan hanya. Mas'udu kaɗai ba ya cikin wannan. Yana tafe gefen jan sansa, hannunsa bisa tozon, kamar mai rakiyar marar lafiya.

Tabawa tana zaune bisa kaya tana kallon sa. Ita ba ta iya ganin shiru ta ƙyale shi.

"Ɗan nan, wannan jan san mijinka ne ko matarka? Baƙin kake bugu, shi kuwa ko tsawa ba ka yi masa."

"Ba nawa ba ne, Inna."

"To na wa? Na gwamnati?"

"Na tsohona ne. Tun yana ɗan maraƙi na saye shi don in mayar masa da nasa. Kowace shekara in ce bana, in ce bari ya ƙara ƙiba."

"Ga shi ya yi ƙibar," in ji Tabawa.

A Kwaya suka yi zango a bakin kasuwa. Da gari ya waye Faruku ya ce daga nan sai Garin Marke, don can ne ake samun ruwan shanu. Mas'udu ya ja shi gefe ya ce shi zai tsaya nan, wani ya ja masa amalanken, su tarar da shi in sun dawo. Tabawa ta ji. Kunnenta ba ya tsufa.

"Wa zai ja ni? Wancan mai jefa mutane a rami? Ban yarda ba. Kai me kake tsoro a garin?"

"Bakin mutane, Inna."

"Bakin mutane ya taɓa cire maka nama? Ka ƙi zuwa yana raye, yanzu kuma ka ƙi zuwa yana kwance. To yaushe za ka je? Wanda ke cikin ƙasa ba zai kore ka ba. Ka je ka tsaya a kansa ka yi masa addu'a, ka faɗi abin da ke cikinka. In mutane sun zage ka, ka ci, ai ka saye shi da kanka."

Maganar ba daɗi, amma gaskiya ce, kuma da an sami mai faɗa masa ita tun da wuri da bai ɓata shekarunsa ba. Mas'udu ya ɗaura shanu.

Hantsi ya yi lokacin da ya hango marken da aka sa wa garin sunansa. Bai gane mashigar ba. Inda yake kiwon awaki an gina lakwal, makarantar boko, mai jan kwano. Tsohuwar rijiya an rufe ta, an kafa famfo mai aiki da hasken rana, mata sun jera bido, wato jarkokin ruwa. Ba wadda ta san shi a cikinsu, duk auro su aka yi bayan tafiyarsa. Ya ji ɗan sauƙi, ya kuma ji ciwo. Ayari ya sauka gindin marke, aka fara kwance shanu. Mas'udu ya bar nasa a hannun Faruku, ya bi bayan gari don kada ya wuce ta ƙofar gidansu.

A masallaci ya sami wani mutum yana shara. Ladan ne, Malam Naziru, baƙo ne da aka kawo daga wani gari, bai san Mas'udu ba. Suka gaisa.

"Malam, ya haƙurin Tsoho?"

"Haƙuri sai godiya. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Garin nan duk ya ji mutuwarsa."

"Ko za ka nuna mini kabarinsa?"

Ladan ya jingine tsintsiya ya shige gaba. Maƙabartar tana arewa da gari, an kewaye ta da dangar aguwa. Ya nuna masa wani sabon kabari da aka rufe da ƙaya. Mas'udu ya durƙusa. Ya yi addu'ar da ya iya, sannan abin da ya daɗe yana riƙewa ya ɓalle.

"Baba, ni ne. Na zo, amma na makara. Na kawo maka sanka. Baba, ka yafe mini."

Ladan ya jira har ya lafa, sannan ya yi gyaran murya.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri da tambaya. Kai wane ne nasa?"

"Ɗansa ne."

Ladan ya dube shi daga rawani har takalmi. "Ɗansa? Ai ka girme shi."

"Na girmi wa?"

"Tsoho mana. Babban ɗansa bana aka sa shi lakwal. Kai kuwa ga furfura a gemunka."

Mas'udu ya ɗago ya dubi kabarin sosai. Sai yanzu ya lura gajere ne. Ubansa kuwa ba a banza ake ce masa Dogo ba, sai ya sunkuya yake shiga zaure.

"Wane Tsoho ne wannan?"

"Tsoho mai rijiya, ɗan Shatu."

Mas'udu ya san shi. Tare suka yi kiwo, shi ne yake goya shi in ƙaya ta soke shi. Ya ce Allah ya jiƙansa, da gaske ya faɗa.

"To, Malam Mohamman Dogo fa?"

"Me ya same shi? Ɗazu da asuba ya yi mini faɗa wai na ja kiran salla da yawa. Yana zaurensa."

Mas'udu ya zauna cikin rairayi yana dariya, hawaye na zuba, har ladan ya ja da baya kaɗan yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Bai bi bayan gari ba wannan karon. Ta tsakiya ya ratsa, ya tsaya gindin marke ya kwance jan sa. Tabawa tana auna wa wata mata daddawa, ta ga fuskarsa ta saki ludayin.

"Lafiya? Ka ga aljani ne?"

"Yana nan, Inna. Yana raye."

"Wa?"

"Tsoho. Wani Tsohon ne ya rasu."

Tabawa ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ɗaura gyalenta a ƙugu. "Faruku! Bar raken nan ka zo. Yau akwai wanda zan gani."

Zauren bai sake ba, sai dai ya tsufa. Malam Mohamman yana zaune bisa buzu, ƙwaryar fura a gefensa, idanunsa a buɗe amma fari ya rufe su. Mas'udu ya cire takalmi tun daga waje, ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofa. Tsohon ya amsa, ya karkata kunne.

"Sake sallamar."

Ya sake.

"Matso."

Ya matsa da gwiwa. Tsohon ya lalubo kansa, ya shafa goshinsa har ya sami tabon da jaki ya yi masa yana yaro. Hannun ya tsaya a nan.

"Na aika maka, ka ƙi zuwa."

"Baba, ce mini aka yi kun rasu. Daga kabarinku nake."

"Kabarina? Yana da kyau?"

"Ya yi muku gajarta, Baba."

Tsohon ya yi wata dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa bai saki kan ɗansa ba. Mas'udu ya fara neman gafara, uban ya katse shi.

"Na yafe tun ba yau ba. Ni ma bakina ya yi zafi a ranar. Sa ne fa, ba mutum ba. Mene ne wannan yake huci a ƙofata?"

Aka kama hannunsa aka fito da shi. Ya shafa jan san daga ƙaho har wutsiya, ya matsa tozon, ya ɗaga leɓen ya taɓa haƙora.

"Ya fi nawa ƙiba," in ji shi. "Amma nawa ya fi shi hankali."

"Ai shi ma mai shi sai yanzu ya yi hankalin, Malam," in ji Tabawa daga baya.

Kafin azahar labari ya gama gari. Bakin mutanen da Mas'udu ya yi shekaru yana tsoro, ga shi ya buɗe, ba abin da ya fito sai maraba. Tsofaffin mata suka cika gidan suna taɓa shi suna cewa ya rame, wasu suna cewa ya yi ƙiba. Aka kawo fura daga gida uku. Shatu ma, uwar mamacin, ta zo. Mas'udu ya yi mata ta'aziyya yadda ta kamata, ta ce ta ji an yi wa ɗanta kuka mai kyau yau, ko da kuskure ne ta gode. Faruku ya kwance damin rake ya ce a raba wa yara, na ayari ne.

Rabilu yana Yekuwa lokacin. Da ya dawo da la'asar ya hango amalanke gindin marke, ya so ya juya, amma an riga an gan shi. Mai gari ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, dattawa suka zauna, aka kawo Malam Mohamman.

Rabilu bai ji kunya ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a lamarinsa. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi abin da na ce. Na ce Tsoho ya rasu. Tsoho bai rasu ba? Ya ce ko ya ambace shi, na ce a'a. Tsoho ya ambace shi? In Yaya ya ji wani abu dabam, laifin kunnensa ne."

Wasu daga cikin matasa suka fara murmushi, don akwai masu ganin irin wannan wayo ne. Ba wayo ba ne, rashin tsoron Allah ne.

Faruku ya ce, "Ranka ya daɗe, ina wurin. Ni na ba shi hannu na ce Allah ya jiƙan baffanka. Ya ce amin."

"Amin ai addu'a ce," in ji Rabilu. "Mai rai ma yana son rahama."

"To buhun geron fa?" Tabawa ce daga inda mata suka tsaya. "Na sadakar mamaci da ka ɗaure a bayan kabu-kabu. Tunda Tsohon Shatu kake nufi, Shatu, ya iso gidanki?"

Shatu ta ce ko ƙwaya ba ta gani ba.

Malam Mohamman ya juya fuskarsa wajen da muryar Rabilu take. "Ni abu ɗaya zan tambaye ka. Saƙon da na ba ka, ka faɗa masa?"

Rabilu ya duba ƙasa.

Washegari ayari ya tashi zuwa sauran ƙauyukan Yekuwa da ragowar rake. Amalanken Mas'udu ya bi su da baƙin sa da wani na aro, Faruku ya sa wani ya ja, Tabawa tana bisa tana yi masa faɗa tun kafin su fita gari. Mas'udu ya zauna. Ya ce in sun juyo zai bi su Waca ya kwaso iyalinsa kafin damina. Jan sa yana ɗaure a ƙofar zaure, tsohon yana jin tuƙarsa daga inda yake zaune.

Mai gari ya karɓe gonar daga hannun Rabilu ya mayar wa mai ita. An sa shi ya ɗauki buhun gero a kansa, da rana, daga gidansa zuwa gidan Shatu. Ba mai ƙara ba shi sallahu a Garin Marke, kuma in ya ce wani ya mutu sai an aiki mutum ya gano.